Daga keken tsere zuwa keken zama a miƙe: yadda za ka zaɓa, da yadda za ka rabu da tsofaffin

Wata 5 bayan an yi mini aikin sauya ƙashin kwatangwalo, na fito da keken tserena na jingina shi da bango, na goge masa ƙura, na sa masa iska. Da na zo hawa sai ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Ta kai tsayin tayar baya ta tsaya cak, kamar an ɗaure ta da igiya. Na karkatar da keken gefe guda, da kyar na tsallaka, na zauna a sirdi. Ina miƙa hannu zan kama kai, wuya shi ma ya ce bai san zancen ba. Dama shekara guda kafin aikin, hoto ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙashin wuyana na 5 da na 6 ya cinye, shi ya sa babban yatsana da manuniya suke yin dindiris. Ban yi tafiyar minti 10 ba na dawo ina tura keken. Uwargida tana tsaye a bakin ƙofa. Ba ta ce uffan ba, ta dai karɓi hular kwanon ta rataye.

Kekuna 4 gare ni a lokacin: na tsere guda 2, ɗaya na kabon, wato wani abu mai ƙarfi marar nauyi da ake ƙera kekuna da shi, ɗaya tsohon na ƙarfe, da na hawa duwatsu, da wani ƙarami mai naɗewa. Duk cikinsu babu wanda zai kai ni ƙarshen layi ya dawo da ni lafiya. Na yi wata biyu ina yaudarar kaina cewa jiki zai koma yadda yake. Abin da na fahimta daga baya, kuma shi ne duk abin da nake son gaya maka, shi ne ka auna sabon keke da jikinka na yau, kuma a ranar da jikin ya fi yi maka gardama. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Kafin ka je ko'ina, ka koma wurin likitanka ko mai yi maka gashin ƙashi. Kada ka tambaye shi ko za ka iya hawa keke, don zai ce maka "a hankali dai, Malam," ka fito ba ka ƙaru da komai ba. Tambaye shi wane motsi ne ba ya so ka yi. Sunkuyawa? Ɗaga kai sama? Naɗe cinya ta matso ciki? Ɗaukar abu mai nauyin kilo nawa? Amsar nan ita za ta zaɓa maka keke, domin ba kowane ciwon baya ne ke son zama a miƙe ba. Wanda guringuntsin ƙugunsa ya zame, yawanci sunkuyawa ce ke tayar masa da ciwo. Amma wanda hanyar laka ta tsuke masa a ƙasan baya, shi ɗan sunkuyawar ce ke ba shi sauƙi, har za ka ga ya fi jin daɗin keke a kan tafiyar ƙafa. Ka faɗa masa magungunan da kake sha, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai maganin hawan jini da na zuciya da ke hana bugun zuciya hauhawa, mai shan irinsa ba zai dogara da agogon ƙidayar bugu ba, gara ya lura ko yana iya magana yana tuƙi ba tare da haki ya yanke masa zance ba. Mai shan maganin tsinka jini kuwa, faɗuwar da wani zai tashi ya karkaɗe wando, shi tana iya kai shi asibiti.

Yatsun da ke mutuwa ma suna da labarin da suke bayarwa. In ƙaramin yatsa ne da rabin na kusa da shi, galibi jijiyar da ta bi ta gefen tafin hannu ce kake dannewa a kan maruƙi. In babban yatsa ne da manuniya da na tsakiya, ko dai daga wuyan hannu ne ko daga wuya. Nawa daga wuya ne, saboda haka duk safar hannu mai katifa da na saya asarar kuɗi na yi.

Abin da ake nufi da zama a miƙe

Ba sabon abu ba ne. Tun da John Kemp Starley ya fito da kekensa mai suna Rover a Coventry ta Ingila a 1885, mai tayu biyu da tsayinsu ya yi kusa da juna da sarƙa mai juya tayar baya, yawancin mutanen da suka hau keke a duniya a zaune suka hau shi kamar a kujera. Sunkuyawa ta 'yan tsere ce, masu faɗa da iska. A Holan har yau keken da ya cika tituna shi ne wanda suke kira omafiets, wato keken kaka, kuma magidanta da samari suna hawansa ba wanda ya ɗauke shi abin kunya.

Abu uku ne ke zaunar da mutum a miƙe: kan keke ya ɗara sirdi tsayi, tazarar da ke tsakaninsu ta zama gajeriya, sannan maruƙan su lanƙwaso baya su tarye ka. Na ukun nan shi mutane suka fi mantawa. Kai mai miƙe sambal kamar sanda yana murɗa wuyan hannu, yana buɗe gwiwar hannu waje, kafaɗa ta ɗage. Ka saki hannayenka su sauka a gefenka, sannan ka ɗago su gaba ba tare da ka juya su ba. Yadda tafukan suka kusa fuskantar juna ɗin nan, haka ya kamata maruƙi ya same su.

Ga gwajin da nake yi wa kowane keke. Ina cikin tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya sai in sassauta riƙo, in bar kan yatsu kawai a kan maruƙi. In na ji jiki yana neman kifawa gaba, to hannu ne ke ɗauke da ni, kuma bayan rabin awa wuya zai biya bashin. In na zauna daram, an dace. Na biyu, ina kallon hanya ne da fuska a tsaye, ko sai na lanƙwasa ƙeya? Wanda ke da ciwon wuya kada ya yi sassauci a nan ko na santimita ɗaya.

Za ka ce me zai hana in gyara wanda nake da shi? Ni ma haka na ce. Wani lokaci yana yiwuwa, musamman tsohon keken duwatsu na ƙarfe: a sa masa dogon wuya, a sauya kai, a tsawaita wayoyin birki da na giya, ya zama keken gari mai daɗi. Keken tsere kuwa taurin kai gare shi. Kaurin bututun lanƙwasasshen kan tsere milimita 23.8 ne, na sauran kekuna 22.2, saboda haka hannun birki da na giya ba za su koma kan sabon ba, sai ka sayi wasu, kuma sai sun dace da irin birkin da ke jikin keken. Ka gama duk wannan ka tarar firam ɗin, wato gangar jikin keken, ba ya karɓar taya mai faɗi, gaba ya yi sakayau yana rawa saboda nauyinka ya koma baya. In bututun da ya riƙe kan na kabon ne, kada ma ka yarda a ɗaura masa abin ƙarin tsayi, ba a yi shi don haka ba. Kuma duk gyaran da za ka yi, sandar tsakiya tana nan inda take. Ni ita ce ta kore ni.

Na daɗe ina ƙin firam marar sandar tsakiya, wai keken mata ne. Girman kai ne kawai. Sau da yawa faɗuwar mai rauni ba a cikin gudu take zuwa ba, wajen hawa da sauka ne, ko lokacin da abu ya gitta ka tsaya ba shiri, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya ta maƙale a sama. Auna kanka a gida: jera littattafai ko kwali a ƙasa, ka dafa bango, ka ga tsayin da za ka tsallake da kowace ƙafa ba tare da ka murɗa ƙugu ba. Rubuta lambar ka tafi da ita tare da tef ɗin awo. Akwai firam da wurin tsallakawarsa bai wuce santimita 40 daga ƙasa ba, akwai kuma wanda ake kira marar sanda alhali an ɗan sunkuyar da sandar ne kawai. Aibin mai zurfin shi ne in ba a ƙera shi da kauri ba yana lanƙwasa, ka ɗora kaya a kariya ka ji baya yana wutsil-wutsil. Ka gwada shi da kaya.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke shan mamaki. Ka miƙe, hannu da wuya sun huta, amma nauyin bai ɓace ba, ya koma kan sirdi. Kuma da kana sunkuye, hannu da ƙafa suna shanye girgizar hanya, yanzu kowane rami kai tsaye zai bi ta gadon baya ya haura. Shi ya sa sirdi da taya suka fi komai muhimmanci a irin wannan keken.

Sami kwali mai kauri ka ɗora a kan benci mai tauri, ka zauna a miƙe, ka ɗan ɗaga ƙafafu, ka tashi. Za ka ga lotsawa biyu, sawun ƙasusuwan zamanka ke nan. Auna daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar ɗayan. Yawancin mutane suna faɗawa tsakanin santimita 10 da 14. Sirdinka dole ya fi wannan faɗi sosai, don ƙasusuwan su sauka a kan shimfiɗarsa, kada su rataya a gefe. Kada laushi ya ruɗe ka. Sirdin da ka danna da yatsa ya nutse kamar matashin kai, minti 10 na farko daɗi, daga nan ƙasusuwan su lume, katifar ta taso ta matse tsakiya inda jijiyoyi suke. Abin nema shi ne mai faɗi, mai ɗan tauri, da sifirin a ƙarƙashi. Sirdin fata irin Brooks B67 tsarinsa ke nan, sai dai fata tana son lokaci kafin ta saba da mai ita, kuma ba ta shiri da ruwan sama. Sandar sirdi mai sifirin ita ma tana aiki, amma ka tuna tana cin 'yan santimitoci, gajeren mutum sai ya duba ko sirdin zai sauko yadda yake so.

Tsayin sirdi: zauna, ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. Ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, shi ke nan. Wanda ya tashi daga jinya yana son ya saukar da sirdi don ƙafa ta taɓa ƙasa, na san wannan tsoron, na yi shi. Amma sirdi ya yi ƙasa da yawa, gaban gwiwa zai fara ciwo, kuma cinya za ta riƙa naɗewa sosai duk lokacin da feda ta hau sama, abin da sabon kwatangwalo ba ya so. In taɓa ƙasa daga kan sirdi ya zama maka dole, akwai kekunan da aka tura fedarsu gaba, irin Electra Townie, sirdi a ƙasa amma ƙafa tana samun miƙewa. Suna da daɗi a shimfiɗaɗɗen wuri, a hawa kuwa ba ka iya miƙewa tsaye ka taka da ƙarfi. Wata dabarar ita ce gajeren hannun feda. Nawa na da milimita 175 ne, na koma 165, kuma wannan santimita ɗayar kwatangwalona ya san da ita.

Taya kuma, duba lambar da ke gefenta, irin 47-622. Ta farko faɗi ne, ta biyu girman wili, duka a milimita. Kada ka sauka ƙasa da 40, in firam zai ɗauki 47 ko 50 ya fi. Sannan ka daina cika ta da iska har ta zama dutse. A gefen tayar an rubuta mafi ƙaranci da mafi yawa, ka fara daga tsakiya ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, muddin ba ta lotsewa har wili ya daki ƙasa. Taya mai faɗi da iska daidai ta fi mini sifirin ɗin gaba mai araha, wanda nauyi kawai yake ƙarawa.

Giya ba yawanta ake nema ba, ta ƙasan ce abin dubawa. Ka nemi hawan da ya fi tsauri a inda kake bi kullum, in ba za ka haye shi a zaune kana numfashi daidai ba, giyar ta yi maka nauyi. Ni na koma giyar da ke rufe cikin cibiyar tayar baya. Tsohuwar fasaha ce, tun 1902 aka yi rajistar mai hawa 3 ta Sturmey-Archer, yanzu kuma akwai Shimano Nexus mai 7 da mai 8. Falalarta ga mai rauni ita ce kana iya sauya ta kana tsaye. An tsayar da kai ba shiri kana giya mai nauyi, sai ka murɗa ka koma ta ɗaya, ka tashi salin-alin ba tare da ka danne ƙafar da aka yi wa aiki ba. In duk giyoyin sun yi nauyi, a sauya ƙaramin faifan baya: daga mai haƙora 18 zuwa mai 22 yana sauƙaƙa kowace giya da kusan kashi 18 cikin 100, sai dai wataƙila a ƙara wa sarƙa tsayi. Wahalarta ɗaya, cire tayar baya in ta yi faci ya fi cin rai.

Birki ka gwada shi da hannun da ya fi rauni. Mai faifai da ke aiki da mai, yatsa biyu sun ishe shi. A yawancin hannayen birki akwai ɗan ƙaramin noti da ke matso da shi kusa da maruƙi, ka sa a daidaita maka. Birkin da ake takawa baya da feda yana hutar da hannu, amma yana hana ka juya fedar baya ka saita ta kafin ka tashi, ni kuwa kullum da ƙafar hagu nake tashi, don haka na bar shi.

Sai nauyi. Keken Holan na asali, da rufin sarƙa da kariya da fitila, yakan kai kilo 20 ko fiye. A kan hanya ba ka ji, amma in akwai matakala ko dakali tsakanin titi da ma'ajiyarka, kullum sai ka ji. Keken da fito da shi aiki ne, ba za a riƙa hawansa ba. Ɗaga shi a wurin mai sayarwa kafin ka biya. Na lantarki ya fi nauyi, da yawansu suna kai kilo 25, amma ga mai ciwon zuciya ko huhu ko gwiwa yana iya zama shi ne bambancin hawa da zaman gida. A Tarayyar Turai ana lissafa shi a keke ne in injinsa bai wuce wat 250 ba kuma yana daina taimako a gudun kilomita 25 a awa, wasu ƙasashen dokarsu daban. Ka lura da yadda yake tashi. Wani yana auna ƙarfin takunka ya ƙara maka daidai gwargwado, wani kuwa da ya ji feda ta juya sai ya fizge ka, wannan fizgar ba ta dace da wanda tsayuwarsa ba ta gama ƙwari ba. In jiri ne matsalarka, mai taya uku yana nan, amma ka sani ba ya kwanciya a kwana, in ka sha ta da gudu ɗaga ƙafa yake yi ya kifar da kai.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Hoto a intanet ba zai gaya maka yadda ƙugunka zai ji ba. Ka je a lokacin da jikinka ya fi tsami, ni da yamma ne. Zagayen minti 3 a gaban shago ba gwaji ba ne, nemi rabin awa, ko ka yi hayar irinsa na yini guda. Hau ka sauka sau 10. Tsaya ba shiri. Waiwaya baya, in wuya ya hana ka, ka sa madubi a lissafi. Sannan ka koma gida ka kwana, jiki magayi, da safe zai ba ka amsa. Kekuna 6 na gwada. Wanda ya fi burge ni a ido shi ya hana ni barci. Wanda na ɗauka kuwa na alminiyam ne marar sanda, toka-toka, giya 8 a cibiya, taya 47-622, nauyinsa kilo 17. Ba wanda zai waiwaya ya kalle shi. Na fara da minti 10 a rana, yanzu ina cika minti 150 na motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya gaza a mako, wani makon har in zarce.

Rabuwa da tsofaffin

Kada ka sayar da komai a makonnin farko bayan asibiti. Lokacin zuciya a karye take, za ka zubar da kaya a wulaƙance. Amma kada ka bar su shekara da shekaru suna kallonka kana kallonsu. Taya tana tsagewa a ajiye, giris yana bushewa, batir yana mutuwa, kamfanoni kuma suna fito da sabon yayi. Ni na yanka wa kaina wa'adi: duk keken da na yi wata 3 da sabon ban hau shi ba, ya tafi. Na fara da na kabon, don irinsa ne darajarsa ta fi saurin zubewa. Tsohon na ƙarfe ya riga ya gama faɗuwar da zai yi, shi ba ya gaggawa.

Wanke shi tas, sa wa sarƙa mai, cika taya, daidaita birki da giya. Iyakar gyaran ke nan, kada ka kashe kuɗin da mai saye ba zai mayar maka ba. Wankin ma yana da wani amfani, nan za ka ga tsaga. Duba bakin walda a na alminiyam, ƙarƙashin bututun da ya sauko daga kai, da inda sandar sirdi ta shiga. Siririn layi kamar gashi a wurin walda ba fenti ba ne sai an tabbatar. Kabon da ya taɓa shan faɗuwa yana iya lalacewa ta ciki waje lafiya lau, ka faɗa wa mai saye ko bai tambaya ba. Firam mai tsaga kada ka sayar da shi a matsayin abin hawa, kwance kayan jikinsa ka sayar daban. Hular kwanon da ta taɓa dukan ƙasa ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, shara za ta. Sarƙa kuma ka auna ta: sabuwa, daga ƙusa zuwa ƙusa ta 24 a gaba inci 12 ne cif. In ta zarce da kashi 1 cikin 16 na inci ta ci, ka rubuta haka.

Kuskuren da na yi da na kabon shi ne lissafa duk abin da na ƙara masa a kan farashi. Mai saye ba ruwansa da wannan, keke ya zo saye. Da na gane, sai na mayar masa da wilinsa na asali, na sayar da masu tsadar daban, kuma a haka na fi samu. Feda da sirdin da ka saba da su ka cire ka riƙe. Wajen sa farashi, kada ka dubi abin da masu talla suke nema, nemo nawa irinsa ya tafi. Tallar da ta yi wata 4 ba ta motsa ba, farashinta mafarki ne. Ka bar ɗan wurin ragi, ka kuma san a ranka lambar da ba za ka sallama ƙasa da ita ba tun kafin a fara tayawa.

Hoto a ɗauke shi da rana, jikin bango marar tarkace, ta ɓangaren sarƙa. Ɗauki kowane ƙwarzane da lotsawa kusa-kusa. A rubutun ka sa sunan kamfani da samfuri, girman firam, tsayinka kai da kake hawansa, girman taya, yawan giya, da aibinsa. Lambar firam yawanci tana ƙarƙashin inda hannayen feda suka haɗu, sai ka kifa keken za ka gan ta. Rubuta ta ka ajiye, ka nemo rasit in yana nan, don mai saye na kirki yana tsoron kayan sata. Dalilin sayarwa layi ɗaya ya isa: na koma wani irin keke. A tallata ta farko na zauna na zayyana aikin da aka yi mini, sai ga masu tayin wulaƙanci sun yi caa, sun ɗauka kuɗin magani nake nema. Na goge na sake.

Ranar ciniki ka haɗu da mutum a wuri mai jama'a da rana, ka tafi da wani, tunda ba ka da ƙafar bin wanda ya hau gwaji ya miƙe. Kafin ya hau, kuɗin ko katin shaidarsa ya kasance a hannunka. Saƙon waya da ke cewa kuɗi sun shiga ba shaida ba ne, buɗe asusunka ka gani da idonka. Wanda ya ce ya turo fiye da kima bisa kuskure ka mayar masa da ragowar, ko wanda zai aiko direba bai ga keke ba bai yi tayi ba, rabu da shi. In an daidaita ku rubuta takarda biyu, da kwanan wata da lambar firam da sa hannu, kowa ya riƙe ɗaya. Ɗagawa a sa a mota kuwa ka bar wa masu lafiya. Na manta da wannan ƙa'idar a ranar da mai naɗewar ya tafi, na sunkuya na ɗauke shi don in nuna ba shi da nauyi, na yi kwana 4 ina jinya.

Na duwatsun ban sayar ba, ɗan ƙanwata na ba, da sharaɗin ya sauya robar birki kafin ya hau. Na ƙarfen ne ya rage, wanda na saya na hannu tun ina saurayi. Sau biyu ina sa talla ina cirewa. A karo na uku wani matashi ya zo, dogo, ya durƙusa ya daɗe yana bin mahaɗan firam ɗin da yatsa kafin ya tambayi kuɗi. Ya ce, "Baba, da gaske za ka iya rabuwa da shi?" Na ce ya hau mu gani. Sirdin ya yi masa ƙasa, na ciro sifana na ɗaga masa santimita 3, na nuna masa layin da ke jikin sandar wanda ba a zarce shi. Ya taya, na ɗan ja, na sallama.

Bayan mako biyu ya kira ni, wai ya sayo sabuwar taya ta ƙi shiga, ya yi ta fama har ya fasa tif biyu. Laifina ne, ban gaya masa ba. Wilin keken irin na da ne da ake kira inci 27, girmansa milimita 630, shi kuwa ya sayo ta zamani mai 622. Milimita 8 ce tsakaninsu, amma ko da ƙarfin tsiya ba za ta hau ba. Na ce ya mayar ya nemi mai 32-630, in bai samu ba ya biyo, akwai guda biyu sababbi rataye a bayan ƙofa.